Hayaƙin da Ba Naki Ba, Gwaggo

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, labarin rasuwarki ya sauko mana kwari, Gwaggo. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ce ranar da labari ya zo, don ranar da kika cika babu wanda ya san ta a cikinmu. Kaina a sunkuye nake wannan rubutu.

Tun da aka yi titi a ƙasa kowa ya kwashe ya sauko, ke kaɗai kika rage a kufan kan dutse. Mahaifina, ƙaninki, ya yi lallashi har ya gaji, kika ce in kowa ya tafi wa zai riƙa yashe idon ruwa? Ke kike mayar da duwatsun katangar gonakin gangare duk sa'ad da damina ta zubar da su. Yaro in ya hau, sai kin ja hannunsa kango-kango kina nuna masa inda aka haifi kakansa. Shekarar da rijiyoyinmu suka ƙafe, muka hau da jarkoki muna haki, muka tarar da ruwa garau. Ba ki yi mana gori ba, sai tsiyar da kika saba, wai mutanen kwari ƙafafunsu sun yi laushi.

Ba ƙarya kika yi ba. Hawan ya yi mana nauyi, sai muka samo dabara. Da safe mutum ya fito ƙofar gida ya ɗaga kai, in hayaƙi na tashi ta wajen ɗakinki, sai a ce Gwaggo ta hura wuta, lafiya lau. Wannan ya zama gaisuwarmu, har muna ganin mun yi zumunci.

Ashe masu gawayi ne suka shiga bayan dutsen, suna ƙona itatuwan da kika yi shekaru kina hana a sara. Hayaƙinsu muke kallo muna hamdala. Wani makiyayi, baƙo ma, shi ya ji kukan awakinki a ɗaure, ya leƙa ɗakin, ya tarar da gawarki.

A cikin kwanakin nan 'yarki da ke aure a nesa ta kira ni a waya, ta ce hankalinta ya ƙi kwanciya, in hau in dubo ki. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yanzun nan na ga hayaƙinki. Bayan jana'iza ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, uwata fa na bar muku, ba hayaƙi ba."

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da mu. Ya bai wa 'yarki da jikokinki da mahaifina haƙurin rashinki. Mu kuma Allah Ya yafe mana. 'Yarki kam, har yau ban samu bakin neman yafiyarta ba.