Sanyin da Alhaji Ya Ajiye

A shekarun farko na mulkin kai, ni ne shofer ɗin wani Alhaji mai fataucin gishirin Fachi da dabino a Agadas. Motarsa tsohuwa ce, baƙa, doguwa, ƙirar Amirka, ya saye ta a Damagaram hannun wani Nasara da zai koma gida. Ta sha hanya kafin ta zo mana. Amma in ka murɗa wani ɗan maɓalli, sai iska mai sanyi ta fito daga ƙarƙashin allon gaba. Kilima ake ce wa abin, kuma ban san wata mota a garin mai irinsa ba.

Alhaji mutum ne da ke sa kara a tanki ya auna isansi, wato fetur, kafin in fita, ya sake aunawa in na dawo. Nasaran ya gaya masa gaz ne a ciki ke kawo sanyin, shi kuwa ya ɗauka gaz ɗin kamar isansi yake, duk murɗawa tana rage shi. Ni ma haka na ɗauka. Sai ya kafa doka: ba a kunna kilima sai yana ciki, kuma sai da baƙon da ya isa. In mu biyu ne, gumi yake sha yana fifita da hannun riga.

Da zafi ya wuce, ya sa na cire igiyar robar da ke juya injin sanyin. Ya naɗe ta, ya jefa a akwatinsa na ƙarfe, ya datse da kwaɗon maƙeran Buzaye. Ya ce sauran sanyin mun ajiye sai baɗi. Na yaba dabarar har cikin raina.

Bazara ta dawo, wani babban dillali zai iso daga Kano, Alhaji yana son ya burge shi. Ya fito da igiyar, na mayar, na tayar da mota, na murɗa maɓalli. Iska ta fito da ɗumi kamar numfashin raƙumi. Na kashe, na sake. Haka dai.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ya yi, ya ce, "To, ina ya tahi?"

Kwana biyu ba a yi ba, kasuwa ta ɗauka cewa shofer ya tatse sanyin motar Alhaji ya sayar wa Nasara masu firigon sanyaya abinci. Wasu suka ce igiya ta biyu nake da ita a ɓoye. A tsohon gari in aka laƙaba maka sata, babu mai sake ba ka ko jakinsa, balle mota. Aikin nan kuwa shi ke ciyar da ni da tsohuwata.

Ni ma na shiga zargi. Na zargi mai gadin gidan, na yi ta bin sa da ido, alhali dattijon ko murfin injin bai iya ɗagawa ba. Na zargi Alhajin kansa, na ce ko tarko ya ɗana mini don ya ba wani nasa aikin. Amma akwai abin da ya fi cin raina. A zafin bara tsohuwata ta yi zazzaɓi mai tsanani, Alhaji ya ba ni aron motar in kai ta likita. A hanya na waiga na ga leɓɓanta sun bushe, numfashinta na fita da ƙyar, sai na murɗa maɓallin. Tafiyar ba ta kai ta shan shayi ɗaya ba. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu sai na riƙa tambayar kaina, ko a ranar ne na ƙarar da shi?

Alhaji ya kira wani makanike ɗan Dahome da ke aiki a garejin Nasara masu binciken duwatsu. Ya zo da hantsi, da kwalbar ƙarfe ta gaz a kafaɗa. Shi ma ban yarda da shi ba. Mutumin da ke ɗura gaz, in ka tambaye shi ko gaz ya ƙare, me kake jira ya ce?

Ya sa na tayar da mota. Ya dafa tiyo biyun da ke fita daga injin sanyin, ya ce ya kamata ɗaya ya yi sanyi ɗaya zafi, ga su duk ɗaya. Ya goge wani ɗan madubi mai girman ƙwandala da ke jikin tiyon, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce a kashe, a kawo masa sabulu da ruwa a ƙwarya.

Yana cikin kaɗa kumfa Alhaji ya shiga gida ya fito da Alƙur'ani cikin gafakarsa, ya ajiye kan tabarma a bakin zaure.

Ya ce mini, "Yi alwala. Ka dahwa, ka ce ba ka taɓa kunna abin ga bayan idona ba."

Da cewa ya yi in rantse ban sayar ba, da na dafa sau goma. Amma wannan ba zan iya ba. Na durƙusa na ce, "Alhaji, sau guda ne. Ran da na kai inna likita."

Ya mayar da gafakar ƙarƙashin hammatarsa a hankali.

A daidai nan ɗan Dahomen ya kira mu. Ya ɗan ɗura gaz daga kwalbarsa, ya shafa kumfa a duk mahaɗin tiyo, babu abin da ya motsa. Da ya shafa a wuyan injin sanyin, bayan ƙafar da igiya ke juyawa, sai kumfar ta fara kumbura tana fashewa. Wurin ya yi baƙi da maiƙo. Ya ce akwai zoben roba a ciki, mai ne ke jiƙa shi in injin na juyawa. In aka bar shi watanni bai juya ba, sai ya bushe ya tsage, gaz ya sulale.

Ya ce da Hausarsa ta koyo, "Alhaji, gaz ba ya ƙarewa da aiki. Zagayawa yake yi, ya dawo. Ko kullum ka kunna, yana nan. Ajiyewa ce ta kashe shi. Ko lokacin ɗari, a kunna kaɗan duk sati."

Na ji kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka. Har na kusa yin dariya. Ashe akwatin ƙarfe ne ɓarawon! Na dubi Alhaji ina jiran ko da "to, madalla".

Ya daɗe yana kallon kumfar. Sai ya dubi makaniken, ya dube ni, irin duban mai lissafin ko mun haɗa baki. Ya sa yatsa ya taɓa maiƙon da kansa, ya sansana. Sannan ya ce a gyara.

Aikin ya kai mu la'asar. Ɗan Dahomen ya sa sabon zobe, ya fitar da iskar da ta shiga tiyo, ya ɗaura kwalbarsa. Ya ce in zauna a ciki in ɗan taka mota kada in saki, shi yana buɗe kwalbar kaɗan kaɗan, idonsa na kan madubin. Da farko kumfa ke wucewa a ciki, har ta ɗauke, madubin ya yi garau. Sanyi ya fara dukan gwiwoyina, ya hau ƙirjina. Alhaji yana tsaye a rana, bai shigo ba.

Na kashe na fito. Ya miƙo hannu, na ɗauka musabaha ce.

Ya ce, "Lakile." Mabuɗin motar yake nufi.

Na ce, "Alhaji, ai ka ji da kunnenka. Ban rage maka komai ba."

Ya ce, "Na ji. Gaz ba kai ka sha ba, kuma zan hwaɗi haka a kasuwa. Amma ran da ka murɗa, kai ma ka ɗauka ragewa kake yi. Kuma shekara guda kana gaishe ni da wanga abu cikin cikinka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi, na rasa inda zan ce ƙarya yake yi. Na ciro mabuɗin na sa masa a tafin hannu.

Da na isa gida, tsohuwata tana tsince gero a tsakar gida. Ta ce yau na tashi da wuri. Na ce mata Alhaji zai sayar da motar ne, ba ya bukatar shofer. Ta ce kash, motar kirki, ita har yau ba ta manta daɗin da ta ji a cikinta ba.