Aska Biyu a Aljihun Kwat

Ranar wata Asabar, sati biyu bayan Sallar Layya, a shekarata ta goma sha huɗu a New York, na hau jirgin ƙasa daga Harlem zuwa Soundview da aska biyu a aljihun kwat, kowace na naɗe ta cikin safa. Zuciyata sai tsalle take kamar ta yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga. Ni ɗan wanzamai ne, kaka da kakanni, amma na kai shekara arba'in da takwas ban taɓa aske kan jariri ba. Isuhu, abokina da muke sayar da huluna da tabarau a bakin titi, 'yarsa Nana ce ta haihu. Ya nemi wanzami ya rasa, sai ya tuna da ni, ni kuwa na amsa tun bai rufe baki ba. Ko zan iya, ko zan tsaga kan jikan mutane a gaban jama'a, wannan Allah kaɗai ya sani.

Ɗaya askar sabuwa ce dal, Nana ta sa aka sayo mini ita ta waya, ta zo cikin akwati mai laushi kamar zoben amarya. Ɗayar kuwa tun bara na tsince ta a teburin wani tsoho mai sayar da tarkace, cikin cokula da makullai, bayanta duk tsatsa, mariƙinta na ƙashi ya tsage. Ranar da na fara buɗe ta sai da na nemi wuri na zauna, domin irin ta Babanmu ce sak. Sati uku na yi ina wasa ta a kan dutse kafin ta dawo hayyacinta.

A garinmu, can kudu da Tasawa, gidanmu ne na ƙarshe kafin gonaki. Rumbu uku, turken awaki, bishiyar bedi a ƙofar gida, duma ya haye danga ya sauka kan rufin ɗakin Inna. Da an sallame asuba Baba zai shimfiɗa buzu a gindin bedin nan, ya kwance zabirarsa, jakar fata da ya gada a wurin kakanmu. Ni da ƙanena Sanusi mu ne masu ɗebo ruwa a kasko da jiƙa sabulun salo, sannan mu kora awaki, sannan ni in ruga lakwal, makarantar boko, da guntun tuwo a hannu. Ba na son lakwal, lakwal ma ba ta so na. Malam yana rubutu a allo, ni ina wasa murfin gwangwani a ƙasan benci, ina aske gashin ƙafar wanda ke kusa da ni. A aji huɗu muka rabu, babu wanda ya yi kewar wani.

Askar Baba baƙa ce, ba ta da kyan gani. Yawan wasawa ya cinye ta har ta sirance kamar ganyen bedi. Amma in ya goga ta a fatar wasa aska, ya ɗora a kan mutum, sai ka ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana share rairayi da tsintsiya. Manya na yin gyangyaɗi a hannunsa. Yakan ce mana, "Aska da kunne ake saninta, ku bar kallon ƙyalli." Mu kuwa mu ce to, hankalinmu yana wurin langa da ƙwallon tsumma.

A gidanmu ba a ba yaro kan mutum sai ya aske ɗanyen duma. Ƙaramin duma yana da gashi-gashi mai laushi, fatarsa kuma ko farce ya taɓa sai ta yi ruwa. Wanda ya aske shi tas bai ji masa ciwo ba, shi zai riƙa bin Baba gidajen suna, shi kuma zai gaji zabira. Ina da shekara goma sha biyu aka sa mana rana, bayan an gama yankan gero. Murna ta hana ni cin abinci! Na gaya wa duk yaran unguwa su zo su ga aiki, suka zo kuwa, har da masu hawa danga.

Baba ya ajiye aska biyu a kan buzu: tasa baƙar nan, da wata sabuwa da wani kawunmu ya kawo tsaraba daga Kano, mai walƙiya har kana ganin haƙoranka a jikinta. Ya ce babba ya fara zaɓa. Wa zai ɗauki baƙa yara suna kallo? Na cafke sabuwar, yara suka yi shewa. Jan farko ta tafi lafiya. A na uku sai na ji tana kartar duman, tana cije gashi maimakon ta yanke. Ƙarfenta mai taushi ne, kaifin na ɗan lokaci ne, amma ina zan sani? Na danna da ƙarfi, duma ya tsage, ruwa ya gangaro mini har gwiwar hannu. Sanusi, ɗan shekara goma, ya ɗauki baƙar, ya aske nasa sumul. Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi in je in duba awaki. Tun daga ranar Sanusi ke ɗaukar zabira, ni kuma na zama ɗan aike, daga baya ɗan tasha, daga baya ɗan bakin titi a ƙasar mutane. In ce abin bai ci ni ba, na yi ƙarya. Har yau yana ci na.

Na iso gidan Isuhu a hawa na biyar, falo cike da takalma da ƙamshin naman rago. Nana ta ga tsohuwar aska ta ɗaure fuska. Ta ce, da Hausarta mai haɗe da Turanci, ba a san fuskokin da abin nan ya bi ba, ita sabuwar take so. Ban ga laifinta ba. Na sa aka tafasa duka biyun, na jiƙa su da ruwan kashe ƙwayar cuta a gabanta, na goga kowace a fata, na nannaɗe hannun riga. Gaskiya sabuwar nan ba irin tsarabar kawunmu ba ce, ƙarfenta mai kyau ne, kaifi kuwa kamar me. Amma kauri gare ta da nauyi, a damtsena ta bi tana ƙarar-ƙarar, bakinta bai gama kwanciya ba. Na ɗora tsohuwar, na ce ta matso da kunne. Ta saurara, ta dubi wurin da ya fita fes, ta dubi mahaifinta. Sannan ta ce, "Kawu, in ya yi jini ba zan yafe maka ba."

Na ce ta miƙo jaririn. Na yi bisimilla, na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Kan jariri ya fi duma laushi, ga maɗiga tana bugawa a tsakiya kamar zuciyar tsuntsu. Na ɗora tsohuwar askar, sai ta kama hanya da kanta, ba dannawa, ba ja. Gashi yana sauka a farin ƙyalle, yaro yana barci abinsa. Da na kewaye bayan kunne na biyu na ɗaga hannu, babu ko ɗigo. Wata tsohuwa 'yar Kumasi ta rangaɗa guɗa, Isuhu ya rungume ni yana kirana Sarkin Aska, ni kuwa ina ta dariya kamar wawa.

A garinmu, da wanzami ya yi irin wannan aikin, kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, yara kuma su yi ta tsugunno a gefensa suna leƙen zabira. A nan yaran gidan suna kan kujera, kowa da waya a hannu, babu wanda ya tambaye ni ko mene ne wannan ƙarfen. Na koma Harlem a jirgi, na shiga ɗakina da ba shi da bedi ba shi da buzu. Baba ya rasu shekara tara ke nan, yana ganin ɗansa na fari ba wanzami ba ne. Hannun ya iya, mai ganin ne ba ya nan.