Baba Stoyna da Kazarta Sharka

Shekara talatin da huɗu Baba Stoyna ta yi tana karɓar haihuwa a ƙauyen Leshnik da wasu ƙauyuka biyu na bayan dutse. Duk wanda ke tsakanin shekara talatin da hamsin a yankin, in ka bincika, hannunta ne ya fara taɓa shi, har da limamin coci da direban bas ɗin da ke zuwa Talata da Juma'a. A birni ta yi karatun ungozoma, aka turo ta ƙauyen tana budurwa da nufin ta yi shekara biyu ta koma. A sanyin farko takalminta ya yage, ta kai wa Tsanko mai gyaran takalma. Ya riƙe shi sati uku yana cewa da saura, don dai ta riƙa dawowa tambaya. Ba ta koma birnin ba.

Yanzu shekarunta saba'in da shida. An rufe ɗakin shan magani, matasa sun watse neman aiki, Nevena, 'yarsu ita da Tsanko, ma tana Jamus. Hannun dama na Baba Stoyna ya soma rawa, har ta daina cika kofin shayi don kada a gani. Abin da ya rage mata na reno shi ne lambu, da Tsanko, da kaji tara.

A cikin kajin akwai wata wake-wake mai suna Sharka, wadda ba ta san ƙoshi ba. Ita ce ta farko a bakin ƙofa in an buɗe akurki, ita ce ta ƙarshe a wurin hatsi. In Baba Stoyna ta duƙa noma, Sharka na gefenta tana jiran tana, wani lokaci har ta sa baki a ƙarƙashin fartanya.

Wata safiyar Litinin, lokacin da kowane gida ke gasa tattasai don ajiyar hunturu, kaji takwas suka fito, Sharka ba ta fito ba. Baba Stoyna ta same ta a lungu, ta kumbura gashi, ido a lumshe. Ta ɗauke ta ta shafa ƙasan wuyanta, wurin jakar nan da abinci ke fara taruwa. Da safe ya kamata a ji ta wayam. Sai ta ji ta tam, da tauri kamar dunƙulen hannu. Ta buɗe bakin kazar, wani tsami ya bugi hancinta.

Tsanko na zaune bakin murhu yana juya tattasai. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Ɗauko wuƙa tun da sauran nama a jikinta. Jibi sai ƙashi."

"Tsoho, bara kwana huɗu ka yi ba ka shiga bayi ba. Wa ya ɗauko maka wuƙa?"

"Ni ai ba a miya da ni."

"Don ba za ka dahu ba ne."

Ta shimfiɗa tsohuwar rigar sanyinsa a kwali, ta ajiye kazar a kicin. Ta hana ta hatsi, sai ruwa. Ta jiƙa ɓarɓashin burodi da man girki ta ba ta kaɗan-kaɗan, sannan ta ɗora ta a cinya tana murza wurin a hankali da hannun hagu, tana yi mata maganar da ta saba yi wa masu naƙuda.

"Yauwa 'yata, saki jikinki. Ba ke kika fara ba. Haɗama ce ta ja miki, amma ba yau za mu yi wannan faɗan ba."

Bayan kowace awa biyu haka take yi. Tattasan ranar rabinsa ya ƙone, don Tsanko ya fi kallon kwalin da kallon wuta.

Washegari maƙwabciyarsu Ginka ta shigo aron gwangwani, ta tarar da kaza a kicin.

"Yaya, juya ta kai ƙasa ki matse, duk ya zubo. Haka uwata take yi."

"Nawa suka tashi a hannun uwar taki?"

Ginka ta sosa kai. "To, wasu dai."

"Shaƙewa za ta yi. Bar min ita."

Ta gwada kindirmo a ƙaramin cokali saboda tsamin bakin. Sharka ta lasa sau biyu ta kau da kai. Kashinta ruwa ne zalla, ɗan kaɗan. Dunƙulen ya ɗan yi laushi daga sama, amma can ciki yana nan yadda yake, kuma in ta murza sai ta ji wani abu kamar zare-zare a ƙarƙashin yatsunta.

Ran Laraba ta kira likitan dabbobi na birni a waya. Ya ce yana can wani yanki yana yi wa shanu allura, ta kawo ta ran Juma'a in bas ya zo. Ta ajiye wayar ta dubi kazar. Ƙashin ƙirjinta ya fito, tsayuwa ma sai ta jingina da kwali. Wadda ta yi shekara talatin tana duban fuskar marasa ƙarfi ba ta buƙatar a gaya mata cewa Juma'a ta yi nisa.

Tsanko ya shigo ya tsaya yana murza hularsa.

"Stoyna, ran Asabar da na yanke ciyawar bayan gida..."

"Ina jin ka."

"Baro ya yi min nauyi. Sai na watsa musu ta kan shinge."

"Doguwa? Ba ka sassara ba?"

"Na ga suna so."

Ta buɗe baki za ta yi masa tatas, sai ta ga yadda kunnuwansa suka yi ja, ta fasa. Aƙalla yanzu ta san abin da ke ciki. Doguwar ciyawa ce ta nannaɗe ta toshe hanya, kuma mai da tausa ba za su warware ta ba. Ta taɓa ganin surukarta ta tsaga wurin ta kwashe ta ɗinke, kazar kuma ta rayu. Ita kanta ta ɗinke masu haihuwa ba adadi. Ta ɗauko tsohuwar jakar aikinta daga saman kabad, ta tafasa reza da allura da zare, ta fige gashin wurin, ta goge da barasar da Tsanko ke dafawa da kansa. Ta ɗauki rezar.

Hannun ya ƙi tsayawa. Ta riƙe wuyan hannun da na hagu, ya ci gaba da kaɗawa. Ta ajiye rezar a faranti, ta zauna tana kallon tagar kicin. Tun da rawar ta fara ba ta taɓa bari ya gani a fili haka ba.

Tsanko ya nannaɗe hannun riga ya nufi wurin wanke hannu.

"Me za ka yi?"

"Fata ce dai ko? Shekara hamsin ina ɗinkin fata."

"Ta matacciyar saniya."

"To wannan ta fi laushi. Ke dai faɗa min inda zan bi."

Ta sa ya wanke hannu har sau uku, har ƙarƙashin farce. Ta naɗe Sharka a tawul ta rungume ta a ƙirji, ta nuna masa wurin da babu jijiya. Ya tsaga kaɗan, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Kazar ta zabura sau ɗaya ta lafa. Da ɗan hantsaki ya riƙa jawo ciyawar, tana fitowa kamar igiyar da ta ruɓe, da wari mai tayar da zuciya.

"Wayyo, duk wannan a cikinta? Ashe ke ma ba ki da hankali," ya ce wa kazar.

"Yi aikinka. A hankali. Kada ka ja da ƙarfi."

Suka wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Ta ce ya fara ɗinke jakar ciki daban, sannan fatar waje daban. Ya duƙa, harshe a gefen baki, yana sa allura ƙanana-ƙanana a jere. Ta tsaya tana kallon ɗinkin da idon sana'a, tana neman abin kushewa.

"Na ukun ya yi nisa da na biyu."

"Ƙarya kike, tsohuwa."

Ta yi dariya, dariyar ta zo da hawaye, ta goge da kafaɗa don hannuwanta na riƙe da kaza.

Ranar ba su ba ta komai ba. Washegari sai ruwa. Ran Juma'a Baba Stoyna ta sa kwalin a cinya ta shiga bas, duk da Tsanko na cewa ɓata lokaci ne. Likitan ya duba ɗinkin ya tambayi wanda ya yi, ya ba ta maganin da za ta riƙa sawa a ruwa, ya kuma ce wani karon su jira shi, don sa'a suka taka. Ta ce ta ji.

Kwana biyar Sharka na cin dafaffen ƙwai da kindirmo. A na shida ta tsallake kwali ta sace cuku daga farantin Tsanko, ya bi ta da cokali yana zagi, fuskarsa cike da murna. Ba ta sake yin ƙwai ba sai da dusar ƙanƙara ta narke, kuma gashin da ya fito a wurin ɗinkin fari fat ya fito. Ta ƙara shekara uku a gidan.

Ginka ce ta baza labarin a shago, ta ƙara masa gishiri. Kafin ƙarshen wata wani dattijo daga bayan dutse ya iso ƙofar gida da agwagwa a hammata, yana tambayar ko nan ne gidan likita. Tsanko ya miƙe yana gyara tabarau. Baba Stoyna ta riga shi karɓar agwagwar, ta shafa ta, ta ce ƙaya ce kawai a ƙafa. Ta tura Tsanko ya ɗora ruwan zafi, ta ce wa baƙon ya zauna ya ci burodi.