Dakan Hajiya da Keken Falo

Ina ɗan shekara goma sha uku Hajiya, mahaifiyar Abba, ta zo mana unguwarmu Perry Barr, a ƙasar Turawa, daga Kano. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, har an rufe kulob ɗinmu na keke. Filin tsere mai katako kuwa yana can Manchester, Abba ba ya samun kai ni sai Asabar, ita ma ba kowace ba. Ga zaɓen 'yan tseren matasa ya ƙarato, ni kuma raina a kansa yake.

Na ɗauka yawan tuƙi shi ne gudu. Da na dawo makaranta sai na haye keken da aka kafe mini a falo, na yi ta juya feda a hankali har magariba.

Bayan an ci tuwo muke taruwa gaban hita mai ɗumama ɗaki don jin tatsuniya, ni da ƙanwata Ummi. Hajiya ba ta yarda hita wuta ce ba, amma ta fi kowa matse mata.

"To, ga wata nan tafe," in ji Hajiya.

"Let her in!" in ji Ummi.

"Da Hausa, 'yar nema."

"Ta shigo mu ji!"

Wani gari ne mai turmi ɗaya tak. Wata yarinya, Tabawa, kullum ita ce ƙarshen layi, sai rana na shirin faɗuwa take samun turmin. Sauran mata sukan wuni suna ɗan ƙwanƙwasa gero suna hira, ita ba ta da wannan sararin. Sai ta nemo tabarya mafi nauyi, da rana tana ɗaga ta a bayan ɗaki har damatsanta suka yi ƙarfi. In turmi ya zo hannunta sai ta saki duka iya ƙarfinta, ta tsaya numfashinta ya dawo sarai, ta sake saki. Kafin ladan ya buɗe baki garinta ya yi laushi. Ranar da baƙi suka sauka ba zato, ita duk garin suka aika a kira.

Hajiya ta juyo gare ni. Da ma maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, na lura kai lallashin keken nan kake."

Haushi ya kama ni. "Hajiya, ba ki san cycling ba fa."

"Ban san keke ba, amma na san ragon daka."

Da fushi na kwana, amma washegari na canja. Na riƙa saɓa buhun shinkafarmu ina hawa bene, Umma na salati. A kan keke kuma gajeren gudu nake, wanda ido ke rufewa, sannan hutu mai tsawo. Hajiya na daga kan kujera tana ba da umarni: "Daka, maigida! To, sha iska!"

Ranar zaɓe na zo na biyu, aka ɗauke ni. Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar 'yan kallo, Turawa suka juyo a firgice, Abba ya rasa inda zai sa kansa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yanzu aikin asibiti ya cinye ni, ɗan lokacin da ya rage nake ba keke, kuma yana isata. Na daɗe ina zaton tatsuniyar don ƙafafuna kawai aka yi ta. Sai da na girma na gane bizar wata shida aka ba Hajiya, kuma ba ta sake dawowa ba. Ashe ita ma lokacinta da mu kaɗan ne, shi ya sa ba ta taɓa barin maraice ɗaya ya wuce mu a banza ba.