Hasumiyar da Na Zana Babu Kawuna

Ranar farko ta azumin shekarar 2020, ina 'yar shekara goma sha uku, na fito baranda shanya a gidanmu na unguwar Cheras a ƙasar waje, hawa na tara. Gari tsit saboda kullen korona, har mamak, wato shagon da muke sayen shayi, a rufe. Abin kallo ɗaya ya rage mini, hasumiyar wurin bautar 'yan Hindu da ke tsallaken titi. Hawa-hawa ce, kowane hawa bai kai na ƙasansa faɗi ba, cike da mutum-mutumi kala-kala.

"Ni nake gyara ta," in ji wani tsoho daga barandar da ke manne da tamu. Ankul Selvam ke nan, magini da aka ɗauko daga Indiya, kulle ya rutsa da shi ba kowa nasa. Daga ranar, da na gama wanke-wanke sai hira da Turanci. Ya ce kakanninsa da dutse zalla suke gini. Hasumiyar arewacin Indiya a lanƙwashe take kamar goyon masara, ta kudu mai matakala, mabiya addinin Jain kuwa farin dutse suke sassaƙawa a rufi sai ka ce leshi.

Da ya fara tari, tausayinsa ya kama ni, na yi kwana uku ina zana masa hasumiyarsa. Malamarmu ta islamiyya ta ce in za mu zana mai rai mu bar kai, don haka duk mutum-mutumin na tsayar da su a wuya. Na miƙa masa da sandar shanya, bakina har kunne. Ya daɗe yana kallo. "Haka aka taɓa yi musu da guduma," ya ce, ya shige ciki. Wallahi haushinsa na ji, duk wahalar nan ko godiya babu. Umma ce ta fahimtar da ni cewa a wurinsu wannan cin fuska ne, tunda ababen bautarsu ne na cire wa kawuna. Ta ce, "Ke, maza ki ba shi haƙuri." Taurin kai ya hana ni, kwana biyu ban leƙa baranda ba. A na uku motar asibiti ta tafi da shi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu zanen gine-gine nake karantawa a jami'a, kuma na san kalmomin da zan yi masa bayani da su, cewa ba da mugun nufi na yi ba. Kwana biyu na samu, na ƙarar da su a fushi.