Zuwa Cirozerin saboda tarin Hadiza

Laraba

Na bar gida a Agadas da ƙarfe biyar da kwata, kafin kiran salla. Ɗiyata Hadiza, mai shekara uku, ta kwana ashirin tana tari, siro na tari kuma ya ƙare a asibiti. Inna, mahaifiyata, ta riga ta kira wanzami ya cire mata belu ranar Juma'a. Ban ce al'adar banza ce ba, amma na taɓa ganin yaron da jini ya ƙi tsaya masa.

An ba ni labarin wata Ba'indiya, matar wani injiniya a ma'adinin gawayi na Cirozerin, wai ta san maganin yara. Na samu kamyo, babbar motar kaya, kilomita saba'in da 'yan kai. A shingen fita gari soja ya juya takarduna.

"Malam, ma'aikacin gwamnati a hanya ranar aiki?"

"Ɗiyata ce ba lafiya."

"Wuce, Allah ya ba ta lafiya."

Gefen hanya gawarwakin shanu ne da fari ya kashe, direba ma ya daina nuna su.

Cirozerin, ƙarfe tara da rabi

Matar ta karɓe ni da faransanci mai tsami. Na buɗe littafina, inda na rubuta zafin jiki safe da yamma. Ba ta duba ba.

"Tarin busasshe ne ko mai majina?"

Ban taɓa saurara ba. Ta ce a iliminsu, Ayurbeda, mai majina na son zuma da citta da masoro, busasshe kuwa iska ce, sai man shanu mai ɗumi. In numfashi ya yi wuya, likita kawai. Na kwana wurin wani mai gadi, muka ci shinkafar taimako.

Alhamis

Na iso gida da la'asar, na tambayi Inna.

"Busasshe mana! Sai da ka je wurin Indiya?"

"To ina man shanu a wannan shekara, Inna?"

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalba, ragowar man saniyarta ta ƙarshe.

Juma'a

Tarin ya ɗan lafa. Ko man ne, ko lokacinsa ne ya yi, ba zan iya rantsuwa ba. Wanzami ya zo da hantsi da zabirarsa. Inna ta dubi Hadiza, ta dube ni.

"Tunda ka zo, Sarkin Aska, yi wa ubanta aski."

Na zauna a tabarma na miƙa kai. Na gode wa Allah, da direban, da matar da ban ma tambayi sunanta ba.