Laifin Kwamfuta da Na Ɗora wa Idon Baba

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a Tudun Wada, na yi wa mahaifina wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Bayan ya bar aiki idonsa ya fara rauni, har Alƙur'aninsa na takarda ya koma ba ya iya bi sai da ƙyar. Sai na harhaɗa masa wata tsohuwar kwamfutar tebur daga tarkacen shago, na sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da ba ya wahalar da tsohon inji. Na zuba masa wata daɗaɗɗiyar manhajar karatun Alƙur'ani, na ƙara girman komai yadda zai gani ba tare da ya matso da fuska ba. Kullum in ya karya kumallo zai zauna a falo, ya gyara tabarau, ya yi ta karatu har rana ta ɗaga. Wannan karatun shi ne aikin da ya rage masa, kuma da shi yake auna lafiyarsa.

To ni ina da wata cuta, ƙaiƙayin hannu. Ba na iya ganin abu yana aiki lafiya in ƙyale shi. A cikin Linux akwai sashen da aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Tsohon sashen ya daɗe yana aiki, sai aka fito da sabo mai suna Wayland. Na gwada shi a tawa kwamfutar, na ga komai yana tafiya sumul, hoto ba ya yagewa. Daga nan na zama mai wa'azinsa. Duk wanda ya kawo gyaran caja sai ya sha labarin Wayland kafin ya tafi.

Ranar da Baba ya je ɗaurin aure a unguwar Television, na shiga falo na sabunta masa kwamfutar, na juya ta kan sabon tsarin. Na duba agogo da 'yan alamomin da ke saman fuskar kwamfutar, garau. Ban buɗe manhajar karatunsa ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Washegari da na shigo gaisuwa, na tarar Baba ya kusa manna hanci da gilashin kwamfutar.

"Zo ka duba mini," in ji shi. "Rubutun nan yau dishi-dishi nake ganinsa."

Na san hannuna ya bi ta wurin. Amma yaya zan ce abin da nake ta yabo a gari shi ne ya kawo matsala? Daga bakin ƙofa na leƙa, na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Ido ne, ka san shekaru."

Ya ce, "Haka ne." Ya kashe ta.

Ban ƙara bi ta kan maganar ba. Sai bayan an kwana biyu mahaifiyata ta tare ni a tsakar gida. Ta ce Baba ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, ya daina zaman falo, abinci ma sai ta matsa masa. Ta ce ya gaya mata a fara neman wanda zai riƙa yi masa karatu, shi nasa ya ƙare, duhu ne ke tafe. Duk da haka, Allah Ya yafe mini, na ce a raina ai dama idon ba lafiya gare shi ba.

Baba yana da wani aboki, mutumin Kudancin Kaduna, tare suka yi aikin masaƙa. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo gidanmu su sha shayi su yi ta tsokanar juna. A lokacin bai daɗe da yin aikin yanar ido ba, yana ta fankama wai yanzu har allura yana hangowa daga tsallaken titi. Ran nan ina zaune ya shigo, ya ga zanen.

"Malam, wa ya rasu kuka rufe shi?"

"Idona ne ya rasu," in ji Baba.

"Kai dai faɗi gaskiya, lalaci ne. Tun a masaƙa haka kake, in aiki ya yi zafi sai ka ce zare ne ba shi da kyau."

Ya yaye zanen, ya sa Baba ya kunna. Ya tsura wa rubutun ido, ya koma baya, ya sake matsowa.

"Malam, ni ban iya Larabci ba, amma wannan kamar an jiƙa shi da ruwa. Ga agogon nan na sama kuwa tas. Yanzu ido ne zai zaɓi inda zai lalace?" Ya juyo gare ni. "Injiniya, me ka gani?"

Nan dabara ta ƙare mini. Na matso na duba da kyau, abin da ya kamata in yi tun farko. Manhajar Baba ta tsohon tsari ce. Sabon bai iya ƙara mata girma yadda ya dace ba, sai ya riƙa miƙe ta kamar ƙaramin hoto da aka ja ya yi faɗi, wasula da ɗigo duk suka narke. Na ce, "Baba, ni ne. Na canza mata wani abu ranar da ka je ɗaurin aure."

Gyaran bai kai a kira shi gyara ba. Na fita zuwa inda ake sa kalmar sirri, na danna wata 'yar alama a gefe, na zaɓi tsohon tsarin, na sake shiga. Rubutu ya dawo garau.

Baba ya gyara tabarau ya fara karantawa a hankali. Ya kai ƙarshen aya, ya tsaya, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, "Ashe idanun suna nan."

Abokinsa ya ce, "Suna nan mana. Yaron nan ne ya kamata a kai asibiti, a duba masa hannu."

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka ce ka taɓa ta, da ita zan zarga. Da ka ce ido ne, sai na yarda, don kai ne masani."

Ban tsani Wayland ba. An yi ta gyara shi, ya nuna, yanzu ma shi ne a kwamfutar Baba, da sabuwar manhajar da ta dace da shi. Amma ranar da zan mayar da ita kansa, sai da na zaunar da shi kusa da ni, ya karanta shafi guda ya ce ya gamsu. Haka nake yi wa kowa yanzu. Kafin in ce abu ya yi kyau, sai mai shi ya buɗe abin da yake buɗewa kullum ya gani da idonsa.

Baba yana nan da ransa, idon kuwa ya ƙara ja baya da gaske. In rubutu ya yi masa dishi-dishi sai ya kira ni yana murmushi, ya ce, "Zo ka duba. Ni ne, ko kai ne?"

Ina zuwa in duba ko'ina, ba daga bakin ƙofa ba. Yawanci yanzu ba na samun komai. Sai in ja kujera kusa da shi in ci gaba daga inda ya tsaya, shi kuma yana gyara mini karatu, ina cewa a raina da ma ni ne, ba idon ba.